Dan Allah masu harkar fim ku zo: wannan tsohon fim na Dreyer da babu komai sai fuska, me ya sa ake zuzuta shi haka?

Ɗan_Zango_Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, musamman ga manyanmu da suka daɗe a harkar kyamara. Ni sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna ce a nan Agege, wani lokacin a kira ni Idi-Araba ko Mile 12, amma na jima da burin in yi gajeren fim nawa na kaina, shi ya sa na shiga wani ɗan kwas na ƙarshen mako a Yaba. To malaminmu ya ce kowa ya je ya kalli wani fim na 1928 mai suna La Passion de Jeanne d'Arc, na wani darakta ɗan ƙasar Denmak, Carl Theodor Dreyer, a Faransa aka yi shi.

Na kalla har ƙarshe. Baƙi da fari ne, ba sauti, in mutum ya yi magana sai a sako rubutu, kuma wallahi kusan duk fim ɗin fuska ce kawai. Fuskar yarinyar da ake yi wa shari'a, fuskar alƙali, fuskar wani alƙalin, a dawo kanta hawaye na zuba, haka dai haka dai. Ba a nuna maka faɗin ɗakin ballantana ka san wa ke zaune a ina, wani lokacin ma rabin kan mutum ne a can gefe sauran duk farin bango. Da farko ji na yi kamar an matse ni a lungu, amma da aka zo wajen da ake aske mata gashi jikina ya yi sanyi sosai, har yanzu fuskar matar nan ta ƙi fita a raina kuma na kasa gane da me mutumin nan ya kama ni.

Abin da nake son sani, shin rashin kayan aiki ne na wancan zamanin ya tilasta masa yin haka, ko da gangan ne? Don mu abin da aka fara koya mana shi ne ka buɗe sin da hoto mai faɗi mai kallo ya san inda yake, sannan ka matso, shi kuwa kamar ma bai damu da wannan ba. Sannan wai me ya bari a baya da har yanzu ake ambatonsa kusan shekara ɗari?

Dalilin da ya sa abin ya tsaya min a rai shi ne labarin da nake rubutawa, wata matar aure ce aka zarga da cinye kuɗin adashe, aka zaunar da ita gaban dattawan gida a ɗaki ɗaya a irin gidajen hayarmu na nan, duk fim ɗin a ɗakin zai ƙare saboda ba ni da kuɗin lokeshin. Anya mutanenmu da suka saba da waƙa da kwalliya da manyan motoci za su iya zama su kalli fuska zalla?

Kawu_Edita_Idumota:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi wa malaminku albarka, ya zaɓa muku abin da ya dace.

Maganar rashin kayan aiki cire ta a ranka gaba ɗaya. Kamfanin da ya ɗauki nauyin fim ɗin, Société Générale des Films, kuɗi ya zuba masa ba na wasa ba, sun gayyato shi ne daga Denmak saboda wani fim da ya yi a 1925 ya karɓu sosai a Faransa. Da kuɗin nan aka gina masa kwaikwayon fadar birnin Rouen da siminti, da hasumiyoyi da katanga da coci da ƙananan gidaje, duk a haɗe yadda ɗan wasa zai iya fita daga ɗaki ya bi ta tsakar gida kamar gari na gaske, yana cikin gini mafi tsada da aka yi don fim a Turai a lokacin. Ɗaya daga cikin waɗanda suka zana ginin, Hermann Warm, Bajamushe ne da ya riga ya yi suna a wannan fannin. Har bangon ma fentin ruwan hoda aka shafa masa don ya fito toka-toka a baƙi da fari. To ka ga duk wannan wahalar amma a fim ɗin sai ɗan gefen taga, ɗan bakin ƙofa, ɗan saman hasumiya. Masu kuɗin ba su ji daɗi ba ko kaɗan. Shi kuwa abin da yake so shi ne 'yan wasan su ji suna cikin wurin da gaske, kai mai kallo ka gani a idonsu ba a bango ba.

Kuma wannan matsewar da ka ce ka ji, ai ita ake nema. Yarinya ce 'yar ƙauye mai shekara 19 da ba ta iya karatu ba, an zagaye ta da manyan malaman coci masu digiri, kowa na jefo mata tambaya mai tarko a ciki. Ita kanta ba ta san ta ina na gaba zai ɓullo ba. Da Dreyer ya nuna maka ɗakin daga nesa da sai ka zama ɗan kallo mai natsuwa, ka san ga ƙofa ga taga, ka huta. Sai ya hana ka wannan hutun. Wani ya yi mata magana ta dama, a yanke, sai ka ga ta ɗaga ido sama ko hagu, kallon ba ya haɗuwa yadda aka koya muku a aji, kanka ya ɗan juya kamar yadda nata ke juyawa. Masu nazari sun ƙirga yanka, wato sauyawa daga wani hoto zuwa wani, sama da 1500 a fim ɗin da bai wuce minti 80 da ɗoriya ba, ni da nake zaune gaban kwamfuta ina editin na san abin da wannan adadin yake nufi.

Ka koma ka lura da tsayin kyamara. Alƙalan nan yawanci daga ƙasa ake ɗaukarsu, har ramuka aka haƙa a wurin don mai ɗaukar hoto, Rudolph Maté, ya samu ya kwantar da kyamara, sai ka ga haɓa da hanci da tumbi sun rufto maka. Hasken da ke kansu mai kaifi ne, kowane ƙurji da tamoji da gumi a waje. Ita kuma haskenta mai laushi, bayanta fili. Ba wanda ya rubuta maka cewa wannan azzalumi ne wannan abar tausayi ce, kusurwa da haske sun gama faɗa.

Sai kwalliya. Ya hana kowa shafa komai a fuska, daga jarumar har tsofaffin. A wancan lokacin wannan baƙon abu ne domin tsohon faifan ɗauka ba ya ganin launin ja yadda ya kamata, fata takan fito da duhu-duhu, shi ya sa 'yan wasan farko suke lafta hoda da baƙin kwalli. Shi ya yi amfani da sabon iri da ake kira fankuromatik wanda ke ɗauko fata kusan yadda take. Don haka in ka ga leɓenta ya bushe, ko ƙuda ya sauka a fuskarta ta kore shi, ba dabarar mai kwalliya ba ce. Waɗanda suka fito a limamai kuma sai da aka aske musu tsakiyar kai kamar yadda limaman Katolika na da suke yi, har waɗanda hula za ta rufe.

Askin da ya sanyaya maka jiki na gaske ne, gashinta ne aka yanke a gaban kyamara. Kuma an ɗauki fim ɗin ne a jere, farko zuwa ƙarshe, ba irin namu da za a yi sin ɗin mutuwa da safe a yi na ɗaurin aure da yamma don ana sauri a sallami mai gida ba. Lokacin da aka iso askin ta riga ta yi watanni a cikin halin yarinyar. Amma ka lura da abin da ya biyo baya, a nan ne gwanintar take: ta riga ta sa hannu a takardar janye maganarta don tsoron a ƙone ta da wuta, ana cikin share gashin a ƙasa sai tsintsiya ta haɗa da ɗan rawanin ciyawar nan da sojoji suka ɗora mata don izgili, ta bi shi da kallo, a take ka ga fuskar ta canza, ta ce a kira mata alƙalai ta fasa. Babu dogon jawabi. Tsintsiya da ido kawai.

Mu da muka taso da kallon Indiya a sinimomin Legas irin su Pen Cinema na Agege, mun saba a gaya mana baƙin ciki da goge da ruwan sama. Ban raina wannan ba, ina sonsa har gobe. Amma ranar da na ga wannan fim ɗin na san akwai wata hanyar.

Maman_Ikram_Mile12:

Kawu sannu da bayani, Allah ya ƙara lafiya. Ni ba 'yar harka ba ce, kasuwanci nake yi, amma ƙanina yana cikin irin wannan karatun shi ya sa min a waya na kalla, kuma akwai abin da nake so in faɗa ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba.

Kowa Dreyer, Dreyer. To fuskar wa kuka kasa mantawa? Ta Renée Falconetti ce ai. 'Yar wasan daɓe ce a Faris, ta haura talatin a lokacin amma ta fito a 'yar shekara 19 kuma ba wanda ya tsaya yana ƙirga mata shekaru. Bayan wannan ba ta sake yin wani fim ba, a 1946 ta rasu a Buenos Aires can ƙasar Ajantina. Mace ta ba da gashinta, ta tsaya ba hoda ba jan baki an kafa mata kyamara a hanci, ta yi ta kuka na watanni, sannan a ce duk gwanintar ta mai ba da umarni ce? Kuma na ji ana cewa ya wahalar da ita, yana sa ta durƙusa a kan dutse a yi ta maimaita ɗauka har ta galabaita. In haka ne ni ban ga abin koyi a nan ba, kuma Ɗan Zango ina roƙonka kar ka je ka ce za ka gwada a kan 'yar mutane da sunan fasaha.

Ni inda ya karya min zuciya ba wutar ba ce. Tun farko ne, da suka tambaye ta shekarunta ta tsaya tana ƙirgawa da yatsu, sannan suka ce wa ya koya mata addu'a ta ce mahaifiyarta, hawaye ya gangaro. Wallahi duk macen da aka taɓa tarawa a falo, dangin miji sun zagaye ta kowa na magana lokaci ɗaya, ba ta buƙatar fassara a wajen nan.

Maganar ko mutanenmu za su kalla, za su kalla mana. Ka zo kasuwa da rana ka gani, kowa da wayarsa a hannu yana jiran kwastoma, wani a danfo cikin goslo, a ɗan wannan allon in ka nuna babban gida da mutum takwas a tsaye ba a ganin komai, fuska ce ke fitowa tas. Abin da ya gundure mu shi ne a nuna mace wai ta kwana tana kuka mijinta ya sake ta amma ga gashin ido na kanti ga jan baki ko gogewa bai yi ba. Sai dai fa ka samo wadda za ta yarda ta fito haka, ka biya ta haƙƙinta, kuma ka gaya mata komai tun kafin a fara.

Malam_Obalende:

Hajiya ta yi gaskiya a kan haƙƙin jarumar. Ni ta ɓangaren tarihi zan shigo, don akwai abin da ke ƙara wa fim ɗin nauyi in mutum ya sani.

Yawancin tambayoyi da amsoshin da kuke karantawa a rubutun nan ba ƙirƙira ba ne, daga takardun shari'ar ne na ainihi na 1431, magatakardan kotun sun rubuta komai kuma takardun suna nan a ajiye a Faris, da hoton littafin ma fim ɗin ya buɗe. Masanin tarihi Pierre Champion, wanda ya wallafa takardun, shi aka ɗauka mai ba da shawara. Jeanne, wato yarinyar da ake yi wa shari'ar, ta fito ne lokacin dogon yaƙin Faransa da Ingila, a 1429 ta taimaka aka karya ƙawanyar da aka yi wa birnin Orléans, aka naɗa Charles na 7 sarki a Reims, a 1430 mutanen Burgundi suka kama ta suka sayar wa Ingilishi, aka yi mata shari'a a Rouen ƙarƙashin Bishof Pierre Cauchon wanda yake ɓangaren Ingila, aka ƙone ta ranar 30 ga Mayu 1431. A 1456 wata kotun cocin ta soke hukuncin, a 1920 kuma suka sa ta cikin waliyyansu, wato shekara 8 kacal kafin fim ɗin, don haka maganarta na da zafi a Faransa a lokacin. Wasu masu kishin ƙasa ma sun yi ta ƙorafin a ce baƙo, wanda ba Bafaranshe ba kuma ba ɗan Katolika ba, shi zai yi fim a kanta.

To ku duba zaɓin da ya yi. Ga yaƙi ga dawakai ga naɗin sarauta, duk wani darakta can zai nufa, shi ya watsar da su ya ɗauki ɗakin shari'a kawai, ya kuma dunƙule zaman watanni ya mai da shi kamar yini ɗaya. Akwai tambayar da suka yi mata, shin tana cikin rahamar Ubangiji? In ta ce e, ta yi da'awar sanin abin da ba ta da ikon sani, in ta ce a'a ta yanke wa kanta hukunci. Sai ta ce in ba ta ciki Allah ya sa ta, in tana ciki Allah ya tabbatar da ita. Wannan amsar tana cikin takardun. Mu Musulmi aƙidarmu daban, ba ruwanmu da waliyyantakar da coci ta ba ta, amma duk wanda ya karanta tarihin malaman da aka titsiye gaban masu mulki a kan su janye magana zai gane irin wannan zaman, inda an riga an gama hukunci tambayar ta neman hujja ce kawai. Boren da jama'a suka yi a ƙarshen fim ɗin dai ƙarin Dreyer ne, ba ya cikin tarihi.

Shi kansa fim ɗin ya sha wuya. An fara nuna shi a Kopenhagen ranar 21 ga Afrilu 1928. Kafin a nuna a Faris sai da aka yayyanke shi saboda matsin lambar babban limamin birnin da hukumar tace finafinai, Ingila kuma ta hana nuna shi da farko saboda yadda aka fito da sojojinta. A Disamban 1928 gobara ta cinye ainihin faifan fim ɗin a ɗakin aikin kamfanin fim na UFA a Barlin. Dreyer ya zauna ya sake haɗa wani daga ragowar ɗaukar da bai yi amfani da su ba, shi ma aka ce wuta ta ci a 1929. Shekaru da yawa abin da ke yawo gurɓatattun kofi ne, har da wanda aka fitar a farkon shekarun 1950 da aka liƙa masa kiɗa aka canza rubutun, Dreyer bai so shi ba sam. Sai a 1981 aka tsinci cikakken kofi na asali a wani ɗakin ajiya a asibitin masu taɓin hankali na Dikemark kusa da Oslo a ƙasar Norwe. Shi kuwa ya rasu tun 1968. Wanda muke kallo yau a waya, mai shi ya mutu yana zaton ya salwanta.

Ɗan_Zango_Agege:

Kai, Allah ya saka muku da alheri, Kawu da Malam da Anti. Anti in sha Allahu ba zan cutar da kowa ba, wadda nake so ta fito ma 'yar uwata ce kuma tare muke gyara labarin. Kawu yanzu in na fahimce ka, in matso da kyamara fuskar kowa ke nan daga farko har ƙarshe, in ɗauki dattawan daga ƙasa? Don ɗakin ƙarami ne, ko na so in ja baya bango zai tare ni, kuma fitila biyu gare ni sai janareta.

Kawu_Edita_Idumota:

A'a ɗana, tsaya, ba a nan gizo ke saƙar ba. Bari in fara da Hajiya.

Hajiya ban ƙi maganarki ba, ba Falconetti babu wannan fim ɗin, kuma har yau in ana lissafin wasa mafi ƙarfi da aka taɓa yi gaban kyamara sunanta na sahun gaba. Labarin durƙuso a kan dutse ya yaɗu ƙwarai, amma waɗanda suka rubuta tarihin rayuwar Dreyer suka kuma zanta da mutanen da suka yi aiki da shi sun ce jita-jita ce ba hujja. Abin da aka tabbatar shi ne yakan maimaita ɗauka da yawa, kuma in an zo wuri mai nauyi yakan sallami mutane a bar waɗanda dole sai da su, a yi tsit. Kuma shi ne ya je ya gan ta a daɓe tana wasan barkwanci mai sauƙi, cikin kwalliya, ya hango abin da ke ƙarƙashin hodar. Aikin mutum biyu ne. Gargaɗinki dai yana nan daram, ba fim ɗin da ya kai mutuncin ɗan Adam.

Maganar abin da ya bari, a kasuwa fim ɗin bai mai da kuɗinsa ba, ga shi ya fito daidai lokacin da finafinai masu magana suka fara shigowa daga Amurka tun 1927. Bayan fim ɗinsa Vampyr na 1932 sai da ya yi shekara fiye da goma bai yi babban fim ba, ya koma aikin jarida da ya faro da shi, har da rahoton kotu. Amma masu yin fim ba su sake shi ba. A 1962 darakta Godard ya sa jarumarsa Anna Karina ta shiga sinima a cikin fim ɗinsa Vivre sa vie tana kallon wannan fim ɗin, ana nuna fuskar Falconetti ana nuna tata, duka biyun da hawaye. Lars von Trier, darakta ɗan ƙasar su Dreyer, a 1988 ya ɗauki wani rubutun da Dreyer ya bari bai yi ba, Medea, ya mai da shi fim. A ƙuri'ar masu sharhi ta mujallar Sight and Sound ta 2012 fim ɗin ya zo na 9 a duk tarihin fim. Kuma duk inda ka ga darakta ya tsayar da kyamara a fuskar mutum ya ƙi yankewa, ya ƙi sa kiɗa, ya bar ka da idon, akwai ɗan bashin mutumin nan a ciki ko mai yin bai sani ba.

Yanzu kai. In ka matso fuskar kowa kawai don Dreyer ya yi, abin da za ka samu bidiyon fasfo ne mai motsi. Shi yana da dalili a kowane yanka. Ka nemi Ordet da ya yi a 1955, wanda ya ci babbar kyautar Venis, ka sha mamaki: mutumin da ya yanka sau 1500 a 1928, a nan yanka 114 ne kawai a fim na awa biyu, kyamara tana nesa-nesa tana bin mutane a hankali cikin ɗaki, da wuya ka ga an matso fuska. Gertrud na 1964 ma ya fi haka jinkiri har 'yan kallo a Faris suka yi masa ihu. Abin da bai canza ba tsakaninsu shi ne yana kwashe duk abin da ba ya aiki, kayan ɗaki, ado, surutu, har sai abin da ke cin zuciyar mutumin ya rage a fili.

Don haka ka zauna da 'yar uwarka ku tambayi kanku, a zaman nan wa ke da iko, kuma a wane lokaci ikon ke sauya hannu. Dattawanmu ba bishof-bishof ba ne, a tabarma suke zaune, wataƙila ma akwai mai tausayinta a ciki da kunya ta hana shi magana, kamar matashin limamin nan da Antonin Artaud ya fito a ciki wanda ya tsaya tare da ita har wajen wuta. In ka ɗauke su duka daga ƙasa ka mai da su dodanni ka yi wa labarinka ƙarya. Kuma mace a wajenmu ba ta kafe dattijo da ido, ƙasa take kallo, hannunta na wasa da bakin mayafi, to lokacin da za ta ɗago kai sau ɗaya ɗin nan shi za ka ɓoye wa matsowarka, kar ka kashe ta tun a minti na farko. Hijabi ma taimakonka zai yi, ya riga ya zagaye maka fuskar.

Fitila biyu sun isa. Ka kashe ta silin, ka cire kalanda da labulen fulawa daga bango, ɗaya ka bugo ta a farin bango ta dawo mata da laushi. Janaretan ka kai shi can bayan gida da doguwar waya don kai da sauti za ka yi, kuma shirun ɗakin bayan an jefo mata tambaya kana buƙatarsa da tsabta. In za ka sake kallon na Dreyer ka nemi wanda aka gyara daga kofin Oslo, waɗanda ke YouTube kowanne da kiɗan da aka ɗora masa daga baya, wani ma bai dace ba sam, ka rage muryar gaba ɗaya ka kalli minti 20 na farko da biro a hannu kana rubuta inda kyamara take a kowane yanka da wanda ke magana. In ka gama ka turo mana a nan mu duba tare kafin ku fara ɗauka.